Ruwan da Ba a Rubuta a Takarda Ba

A bazarar shekarar 1905, kogin da ake kira Milk, wato Kogin Madara, ya ƙafe a daidai inda yake bi ta gefen ƙasar Fort Belknap, a arewacin jihar Montana ta Amurka. Sunan kogin ya samo asali tun 1805, lokacin da matafiyin nan Meriwether Lewis ya dubi launin ruwan ya ga kamar shayin da aka zuba wa madara. Shekara ɗari cif bayan haka, babu shayin babu madarar, sai yashi. Ƙabilu biyu na 'yan asalin ƙasar, Gros Ventre da Assiniboine, su ke zaune a wurin, kuma gonakinsu na hatsi da na ciyawar dabbobi sun fara ƙonewa. An yi fari a shekarar, babu musu. Amma ba fari kaɗai ya shanye kogin ba. Can sama, wajen garin Chinook, Turawa 'yan kama-wuri-zauna sun tare ruwan da madatsu sun karkatar da shi cikin gonakinsu, kuma kowannensu yana riƙe da hujjar da dokar jiha ta yarda da ita.

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadama ya san rigimar na sama da na ƙasa. Abin da ya sa muka ɗauko ta Montana shi ne hukuncin da ya fito daga cikinta, wanda yau sama da shekara ɗari yake hana manoma da makiyaya da lauyoyi barci a yammacin Amurka.

Sai mun fara fahimtar ƙasar kafin mu fahimci dokar. Idan aka raba Amurka biyu daga arewa zuwa kudu, gabas tana samun ruwan sama wadatacce, yamma kuwa mafi yawanta ba ta samun milimita 500 a shekara. Wanda ya san yankin Damagaram ya san irin noman da wannan ruwan yake iya ɗauka. Tun 1878 wani masanin ƙasa, John Wesley Powell, ya gargaɗi majalisar dokokin tarayya cewa a yamma fili ba shi da daraja sai da ruwa, kuma duk wanda ya riƙe ruwa shi ya riƙe filin. Ba a saurare shi ba. A gabas, dokar da aka gado daga Ingila ita ce ta maƙwabcin kogi: idan gonarka tana bakin ruwa kana da haƙƙin amfani da shi daidai gwargwado, idan ya yi ƙaranci kowa ya rage. Wannan ƙa'ida ba ta yi wa masu haƙar zinariya amfani ba lokacin da suka kwararo Kalifoniya bayan 1848. Filin da suke haƙa ba nasu ba ne, na gwamnatin tarayya ne, sun shiga ne kawai babu izinin kowa, kuma sau da yawa zinariyar tana nesa da rafi. Sai suka ƙirƙiro tasu al'adar: wanda ya riga jan ruwa ya yi aiki da shi, shi ke da shi, ko da sai ya haƙa magudana ta mil goma kafin ya kai shi inda yake so.

Kotun ƙolin Kalifoniya ta amince da al'adar a 1855, majalisar tarayya ta sa mata albarka a dokar ma'adinai ta 1866, sannan ta ƙara da dokar filayen hamada ta 1877, wadda ta ba mutum damar mallakar eka 640 a kan dala 1.25 kowace eka, muddin zai kai wa filin ruwa cikin shekara uku. A Kolorado, wasu manoma da ke bakin rafin St. Vrain sun fasa madatsar wani kamfani da ya karkatar da ruwan zuwa wani kwari daban. Kotun jihar ta ce a 1882 kamfanin ke da gaskiya domin ya riga su, zamansu a bakin rafin bai ba su komai ba.

Ƙa'idar tana da tsauri, amma kowa ya san inda ya tsaya. Kowane mai ruwa yana da ranarsa, wato ranar da ya fara ja. Idan an yi fari ba a raba asara. Mai ranar 1885 zai ɗebi rabonsa cikakke kafin mai ranar 1895 ya ga ɗigo ɗaya. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Sannan akwai sharaɗi: sai ka janye ruwan daga kogi ka yi amfani da shi, idan kuma ka bar shi wasu shekaru, a jihohi da dama biyar, ka rasa haƙƙinka. Ruwan da aka bari yana gudu a kogi, a idon wannan doka, ɓarna ce. A kan wannan banki yake ba da bashi, a kansa ake sa wa gona kuɗi.

To, mu koma Fort Belknap. Kafin Turawa su iso, ƙabilun yankin da farautar ɓauna suke rayuwa. Zuwa 1883 an kusa ƙarar da ɓaunar baki ɗaya, yunwa ta shiga. A cikin wannan hali ne suka sa hannu a yarjejeniyar da majalisar tarayya ta tabbatar ranar 1 ga Mayu, 1888, suka saki fili mai faɗin eka miliyan 17 da ɗoriya, aka bar musu ƙananan yankuna keɓaɓɓu. Na Fort Belknap iyakarsa ta arewa ita ce tsakiyar Kogin Milk. Manufar gwamnati a bayyane take: mafarauta su zama manoma da makiyaya. Sai dai yarjejeniyar ba ta ce komai ba game da rabon ruwa. Shekara ɗaya bayan haka Montana ta zama jiha, jirgin ƙasa ya riga ya ratsa kwarin, baƙi suka cika filin da aka saki, suka ja ruwa bisa dokar wanda ya riga. A kotu sun ce sun kashe sama da dala 100,000 wajen gina madatsu da magudanai, kuma idan aka hana su ruwa sai dai su bar gidajensu.

Lauyan gwamnatin tarayya a Montana, Carl Rasch, shi ya shigar da ƙara a watan Yunin 1905. Alƙali William Hunt ya ba da umarnin a bar wa yankin ruwansa, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, magana ta kai Kotun Ƙoli. Ɗaya daga cikin waɗanda ake ƙara sunansa Henry Winter. A wajen rubuta takardun kotu aka ƙara wa sunan harafi ɗaya, ya koma Winters, kuma da wannan kuskuren tarihi ya san shi har yau.

Ranar 6 ga Janairu, 1908, Mai shari'a Joseph McKenna ya karanta hukuncin, alƙalai takwas a gefe ɗaya, David Brewer shi kaɗai a ɗaya gefen. Hukuncin gajere ne. Tambayar da ya yi ita ce: mutanen da a da suke da iko da ƙasar duka da ruwanta, za a ce sun yarda sun rage filinsu, sannan sun yarda sun saki ruwan da in babu shi ragowar filin ba shi da amfani? Hankali ba zai ɗauka ba. Idan yarjejeniya da 'yan asalin ƙasa ta zo da harshen damo, in ji kotun, ta fuskarsu za a fassara ta. Saboda haka ranar da aka keɓe filin, a ranar aka keɓe ruwan da zai rayar da shi, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Kuma zaman Montana jiha a 1889 bai soke wannan ba.

A lura da irin haƙƙin da aka haifa. Ranarsa ita ce ranar da aka keɓe fili, ba ranar da aka fara jan ruwa ba. Ba ya mutuwa don ba a yi amfani da shi ba, ko shekara ɗari ce. Ba ya buƙatar takardar jiha. Kuma babu wanda ya san yawansa sai ranar da kotu ta auna. Duk abin da ya sa dokar jiha ta zama abin dogaro, wannan haƙƙin ya saɓa masa. Manomin da ya sayi gona da ruwa mai ranar 1895, yana ganin kansa babba a kogin, zai iya wayar gari ya tarar akwai wanda ya girme shi da shekara bakwai, wanda bai taɓa gani a cikin kundin jiha ba.

Abin mamaki shi ne kotun da ta yi wannan hukunci. Shekara biyar kacal kafin nan, a shari'ar Lone Wolf ta 1903, ita ce ta ce majalisa tana da ikon karya yarjejeniyar da aka yi da 'yan asalin ƙasa duk lokacin da ta ga dama. Don haka kada mu ɗauka tausayi ne zalla. Masanin tarihi John Shurts, wanda ya bi diddigin shari'ar, ya nuna cewa har cikin Turawan kwarin akwai masu ganin ribarsu a ciki, musamman waɗanda ke neman gwamnati ta zo ta gina babban aikin ban-ruwa da zai ƙaro wa kogin ruwa. Kuma an gina shi, da magudanar da ke jawo ruwa daga Kogin St. Mary.

Bayan haka sai hukuncin ya shiga aljihun tebur. Kusan shekara hamsin gwamnatin tarayya, ta hannun hukumar ban-ruwan da aka kafa a 1902, tana gina madatsu tana raba wa baƙi ruwan kogunan da ke ratsa yankunan 'yan asalin ƙasa, kamar ba a taɓa yin shari'ar Winters ba. Ma'aikatar da ke gina madatsun da wadda aka ɗora wa amanar ƙabilun duk a ƙarƙashin minista ɗaya suke, na harkokin cikin gida. Kura ce aka ba ajiyar nama. A 1973 wani kwamitin ƙasa kan harkar ruwa ya amsa wannan laifi a rahotonsa, ya lissafa shi cikin munanan babukan tarihin yadda gwamnati ta riƙe amanar 'yan asalin ƙasa. Muna ganin a nan ne asalin matsalar yau take. Da an auna ruwan tun 1910, lokacin da kogunan ke da rara, da babu wanda zai yi kuka. An bari sai da aka gina garuruwa da gonaki a kan ruwan, sannan aka zo ana cewa yana da mai shi.

Masu gonaki sun kwana da sanin cewa wannan batu ne na ƙabilu kaɗai. A 1935 ma Kotun Ƙoli ta ƙara kwantar musu da hankali, ta ce dokar 1877 ta raba ruwa da fili, ta bar wa jihohi su tsara rabonsa. Amma a 1955, a rigimar wata madatsa mai suna Pelton a Kogin Deschutes na jihar Oregon, kotun ta ce waccan dokar ta shafi filin gwamnati da aka bari a buɗe ga masu neman mallaka ne, ba ta shafi wanda aka keɓe don wata manufa ba. Nan hankalin yamma ya tashi, domin gwamnatin tarayya tana da eka wajen miliyan 640, kusan kashi 28 cikin ɗari na ƙasar duka. A Nebada kusan kashi 80 nata ne, a Yuta da Aidaho sama da kashi 60. Mafi muhimmanci, gandayen dajin gwamnati suna kan duwatsu ne, inda dusar ƙanƙara ke taruwa ta narke ta zama kogi. Wanda ya riƙe kan dutse ya riƙe maƙogwaron kwari. Sanatocin yamma suka yi ta kawo ƙudurorin da za su tilasta wa tarayya bin dokar jiha, babu wanda ya zama doka.

A 1963 abin da suke tsoro ya tabbata. A doguwar shari'ar Arizona da Kalifoniya kan Kogin Kolorado, Kotun Ƙoli ta ce ƙa'idar Winters ta shafi duk filin da tarayya ta keɓe: gandun daji, mafakar tsuntsaye da namun daji, wurin shaƙatawa. Ta kuma kawo ma'aunin ruwan ƙabilu, wato a lissafa duk ekar da za a iya nomawa da ban-ruwa, a ba ta ruwanta. Ƙabilu biyar na bakin kogin, eka wajen 135,000, suka tashi da kusan ma'auni miliyan ɗaya a shekara. Ma'aunin da suke amfani da shi shi ne ruwan da zai rufe eka ɗaya zurfin ƙafa ɗaya, kimanin lita miliyan 1.2.

Daga nan sai labarin kifi, wanda a ganinmu ya fi duk sauran nuna yadda abin yake a ƙasa. A hamadar Nebada, kusa da Kwarin Mutuwa, akwai wata tsaga a jikin dutse da ake kira Devils Hole, wato Ramin Shaiɗan. Ruwa ne mai ɗumi, wajen digiri 33, zurfinsa ya wuce mita 130, kuma masu nutso ba su taɓa kai wa ƙarshensa ba. A cikinsa akwai wani ɗan kifi da bai fi tsawon gaɓar yatsa ba, kuma babu wani wuri a duniya da Allah ya ajiye irinsa sai nan. Dukan rayuwarsa ta rataya ne a kan wani faifan dutse da ke ɗan ƙasa da saman ruwan. A nan rana take taɓawa, gansakuka ta fito, a nan yake ci, a nan yake zuba ƙwai. Ruwa ya sauka kaɗan, faifan ya bushe, shi ke nan. A Janairun 1952 Shugaba Harry Truman ya keɓe eka 40 da ke kewaye da ramin, kuma takardar ta ambaci tafkin da kifin.

A 1968 wasu masu kiwo, iyalan Cappaert, suka fara jan ruwa da burtsatse a gonarsu mai eka 12,000, mil biyu da rabi daga ramin. Ba ɓarayi ba ne. Filinsu ne, sun zuba jarin sama da dala miliyan 7, suna da shanu wajen 1,700 da ma'aikata fiye da 80, kuma injiniyan ruwa na jihar Nebada ya ba su izini. Amma ruwan ƙarƙashin ƙasar ɗaya ne. Akwai wani zoben tagulla da aka kafa a bangon ramin don auna ruwa, kuma da shi aka ga ruwan yana sauka shekara bayan shekara. Gwamnati ta kai ƙara a 1971. Rigimar ta fito har kan titi: wasu suna manna wa motocinsu takarda mai cewa a ceci kifin, wasu mai cewa a kashe shi. A Yunin 1976 alƙalan Kotun Ƙoli tara suka haɗu a kan magana ɗaya. Ranar ramin 1952 ce, ta masu gonar 1968, don haka sai su rage ja har ruwan ya tsaya inda kifin zai iya hayayyafa. Amma kotun ta sa iyaka, ta ce abin da aka keɓe shi ne gwargwadon abin da manufar ke buƙata, ba a ƙara ko ɗigo. Iyalan suka sayar da gonar daga baya, kuma a 1984 yankin ya zama mafakar namun daji. Kifin kuwa har yanzu ƙirga shi ake yi ɗaya bayan ɗaya, sau biyu a shekara. A 2013 guda 35 aka samu.

Mai karatu zai iya cewa wace irin ƙasa ce za a fifita kifin da ba a ci a kan shanu dubu da ɗari bakwai. Mu ma mun yi wannan tambayar. Amma idan aka duba da kyau, da ma'aunin makiyayan aka auna su. Shekara ɗari suna cewa wanda ya riga shi ke da ruwa, ko na bayansa zai mutu da ƙishi. A wannan karon kifi ne ya riga.

Shekara biyu bayan nan guguwar ta juya. Kogin Mimbres ƙaramin kogi ne da ke tasowa daga gandun dajin Gila a Niyu Meziko ya nutse cikin yashi kafin ya kai ko'ina. An keɓe gandun tun 1899, sai gwamnati ta nemi a ba ta ruwa mai wannan ranar don kifi da namun daji da masu yawon buɗe ido da shayar da dabbobi. A Yulin 1978 kotun ta ƙi, biyar da huɗu. Mai shari'a William Rehnquist ya koma ga dokar 1897 da ta kafa tsarin gandayen daji, ya ce manufa biyu kawai majalisa ta ambata, samar da katako da kiyaye kwararar ruwa saboda mutanen ƙasa. Duk wata manufa bayan waɗannan ta biyu ce, kuma idan gwamnati tana son ruwa dominta sai ta shiga layi kamar kowa. Lewis Powell, wanda ya rubuta ra'ayin marasa rinjaye, ya ce bai yarda majalisa ta ɗauki daji a matsayin itatuwa tsaitsaye kawai ba, babu tsuntsu babu kifi babu dabba. Maganarsa ta fi daɗin ji, amma ta Rehnquist ce ta zama doka, kuma ita ta rufe ƙofar da masu gonaki suka fi tsoro.

Wani abin da ya rage wa tarayya ƙarfi shi ne filin da ake buga wasan. Tun 1952 Sanata Pat McCarran na Nebada ya cusa wani ɗan sashe a cikin dokar kasafin kuɗi, wanda ya ba da damar a ja gwamnatin tarayya zuwa kotun jiha idan ana tantance masu haƙƙi a kogi gaba ɗayansa. Kotun Ƙoli ta ce wannan ya haɗa da ruwan da aka keɓe, har da na ƙabilu. Ke nan haƙƙin na tarayya ne, amma alƙalin jiha ne zai auna shi, kuma a jihohi da yawa alƙali zaɓensa ake yi. Aidaho ta nuna abin da hakan ke nufi. A Oktoban 1999 kotun ƙolin jihar, uku da biyu, ta ce manyan dazuzzukan da aka hana taɓawa a tsakiyar jihar suna da ruwan da aka keɓe musu. Mai shari'a Cathy Silak ce ta rubuta hukuncin. Manoma da 'yan siyasa suka yi ca, a watan Mayun 2000 ta faɗi zaɓe, a Oktoban shekarar kotun ta sake zama ta warware hukuncinta, uku da biyu, bayan alƙali ɗaya ya sauya ra'ayi. Ba mu ce zaɓen ne ya sauya shi ba. Jerin watannin kawai muka kawo.

Irin waɗannan shari'o'i ba sa ƙarewa da wuri. Ta Kogin Snake a Aidaho an fara ta a 1987 aka rufe a 2014, bayan an tantance haƙƙoƙi sama da 150,000. Ta Kogin Big Horn a Wayomin ta ci shekara 37. Ta Kogin Gila a Arizona an buɗe ta a 1974, kuma lauyoyin da suka fara ta da yawa sun yi ritaya sun bar ta.

Akwai kuma rigimar da ba ta kai girman kogi ba amma ta fi zafi, ta idon ruwa da mashayar dabbobi. A farkon ƙarni na ashirin dabarar manyan makiyaya ita ce su mallaki eka 40 da ke kewaye da marmaro ɗaya tilo, da haka sun mallaki kiwon mil da yawa na filin gwamnati ba tare da sun saya ba, domin babu wanda zai kawo garke inda ba zai shayar ba. Don toshe wannan, Shugaba Calvin Coolidge ya sa hannu a wani umarni a Afrilun 1926 da ya keɓe duk wani marmaro da mashaya a filin gwamnati da ba a riga an mallaka ba, saboda amfanin jama'a. A nan gwamnati ce ta tsaya wa ƙaramin makiyayi. Amma jikokin makiyayan yau suna ganin abin a juye: hukumar da ke ba su izinin kiwo, idan ta haɗa da ruwan, ta riƙe su ta ko'ina. A 2007 kotun ƙolin Aidaho ta ba wasu makiyayan gundumar Owyhee gaskiya, ta ce a ƙarƙashin dokar jiha gwamnatin da ba ta da saniya ko ɗaya ba za ta ce ita ta shayar da dabbobi ba.

Idan za mu faɗi ra'ayinmu, ba daidai ba ne a zuba ruwan ƙabilu da ruwan gandun daji a ƙwarya ɗaya, ko da yake doka ta kira su da suna ɗaya. Na gandun daji gwamnati ce ta keɓe wa kanta daga abin da ke hannunta. Na ƙabilu kuwa saura ne daga abin da yake nasu tun kafin a yi gwamnatin, an biya kuɗinsa da ƙasa mai faɗin gaske. Haka kuma ba ma ganin manomin da kakansa ya amsa kiran gwamnati, ya haƙa magudana da hannunsa, a matsayin azzalumi. Hukuma ɗaya ce ta yi wa mutum biyu alkawarin tulu ɗaya.

Kuma samun hukunci daban, samun ruwa daban. A yamma suna bambanta ruwan takarda da ruwan da ke jiƙa ƙasa. Ƙabilun Wind River a Wayomin sun ci shari'ar kusan ma'auni 500,000, amma da suka so su bar wani kaso yana gudu a kogi saboda kifi, kotun jihar ta ce a 1992 ba su da wannan ikon, na noma aka ba su. A 2017 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar wa ƙabilar Agua Caliente ta Kalifoniya cewa haƙƙinta ya kai har ruwan ƙarƙashin ƙasa. Amma a Yunin 2023 Kotun Ƙoli, biyar da huɗu, ta gaya wa al'ummar Navajo cewa yarjejeniyarsu ta 1868 ta keɓe musu ruwa, sai dai ba ta wajabta wa gwamnati ta tashi ta auna shi ko ta kawo musu shi ba. Wannan a ƙasar da kusan gida ɗaya cikin uku ba shi da famfo, mutane suna tafiyar mil da yawa da tankuna a bayan mota.

Shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1970 aka fi karkata ga sulhu. Ƙabila ta rage abin da take nema a takarda, ta yarda ba za ta rufe wa maƙwabta magudana ba, gwamnati kuma ta ba da kuɗin bututu da madatsa. An yi irin wannan sulhu sama da talatin. Montana ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki a 1979. Mutanen Fort Belknap, waɗanda a kan gonakinsu aka fara maganar duka, sun zauna da jihar sun cim ma yarjejeniya, majalisar Montana ta amince da ita a 2001. Daga nan aka aika Washinton don majalisar tarayya ta sa hannu ta ware kuɗin aikin, takardar ta shafe sama da shekara ashirin tana shiga zaure tana fita. A watan Yunin 2024 kuma manyan bututun magudanar St. Mary, waɗanda suka kai wajen shekara ɗari, suka fashe, ruwan da ke ƙara wa Kogin Milk ƙarfi ya yanke a tsakiyar lokacin ban-ruwa, daga gonakin Chinook har zuwa na Fort Belknap.